Ƙofar Mama Jemima a Buɗe

Lailatu na ɗiga wa Mama Jemima ruwa a baki da cokali sa'ad da Salmanu, mijin Lailatun, ya leƙo ta kan katanga.

"Babura, daga wajen Kakangi. Taso."

"Ba za ta ɗauku ba, Malam."

"Ban ce ki ɗauke ta ba."

Lailatu ta dubi maƙwabciyarta. Ɗan tsohuwar, Abednego, yana Kaduna, hanya kuma ta ƙi biyuwa.

"Ka wuce da yara. Ga ni nan tafe."

Ya san ba ta tafe. Ya ɗan tsaya, sannan kansa ya ɓace.

Ta yi abin da kowa ke yi a ƙauyen in 'yan bindiga sun doso. Ta binne wutar murhu da ƙasa, ta wangale ƙofar gida da ta ɗaki don a ɗauka an watse. Ta dawo ta tsuguna a bayan ƙyaure, inda tabarmar Mama take.

"Lailatu," in ji Mama, da kyar. "Yi mini waƙa. Ta coci."

Da Mama Musulma ce, da Lailatu ta san abin da za ta laƙƙana mata. Wannan kuwa ko baiti ɗaya ba ta sani ba, sai dai karin da take ji ta katanga duk Lahadi in Mama na shara.

"Mama, za su ji mu."

"To, bari, 'yata."

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Awaki suka ɗau kuka. Numfashin Mama ya soma sarƙewa, idanunta na yawo a rufin ɗaki. Lailatu ta manna baki a kunnenta, ta fara rera karin can cikin maƙoshi.

Taku ya shigo tsakar gida. Inuwar mutum da ta bindiga suka faɗo cikin ɗakin, har gefen tabarma.

"Sun gudu," in ji wata murya. "Kwance awakin."

Yatsun Mama na bin karin a tafin Lailatu, a hankali. Kafin ƙarar baburan ta yi nisa, sun daina.

Lailatu ta kai waƙar ƙarshe. Ta shafe mata idanu, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa.

Wata kaza ta shigo ta buɗaɗɗiyar ƙofar, ta sa baki a ƙwaryar ruwan.