Yatsan Tadamitsu a Jikin Takobi

Gwanin iyo shi ruwa kan ci. Shekara hamsin Tadamitsu maƙeri yana ƙera takubba a garin Seki, kuma ba wanda ya shiga ɗakinsa bai sha faɗa a kan abu guda ba: ba a taɓa tsirarar takobi da hannu. Gumin yatsa gishiri ne, gishiri kuwa shi ke haifar tsatsa.

Da aka share kwana arba'in da tara na makokinsa, matarsa Kinue ta ɗauko takobinsa na ƙarshe don ta shafa masa mai, yadda ta saba gani yana yi. Ta durƙusa a tabarma, ta ciji 'yar takarda don kada numfashinta ya sauka a ƙarfen, ta zare shi daga kuben katako, kaifi na kallon sama. Ba ta kai ga buɗe man kanumfari ba ta gani. Kusa da ƙota akwai tabon tsatsa ja, shatin babban yatsa, layi-layi, har da tsagar da guduma ta yi masa tun suna amare.

Nan ta gane. Ranar da jikinsa ya shanye yana duba takobin ne, hannu ya ƙi, ya cafke ƙarfen don kada ya faɗi ƙasa. Masu kai shi asibiti suka mayar da takobin kube ba wanda ya goge.

Kwana shida tana zarewa tana kallo. Ran na bakwai ta naɗe shi a zane ta shiga mota zuwa gidan Genzo, ƙanen mijin, wanda sana'arsa ke nan washin takubba.

"A'a, matar Yaya! Yau takaba ta ƙare an zo neman ƙanen miji?"

"Rufa mini baki, tsohon banza. Mai haƙori uku ma yana zancen aure? Duba wannan."

Genzo ya karɓa da ƙyalle, ya ɗaga wajen hasken taga. Nan take ya bar wasa.

"Yaya ke nan," ya ce a hankali. "Mutumin da ya mare ni don na yi atishawa kusa da takobi."

"Mai kawai nake so ka sa masa. Ka tsayar da tsatsar inda take, kada ta ci gaba."

"Ba ta tsayawa, Yaya Kinue."

"Kai da ake cewa babu kamarka?"

"Ko ni. Kin fi ni sanin yadda ya yi shi. Sau goma sha huɗu ya ninke ƙarfen nan, ya naɗe mai tauri a kan mai taushi kamar riga. Rigar ba kauri gare ta ba. Yau in na sa dutsen washi, kwana goma ya dawo yana sheƙi kamar ruwa. In damina ta same shi haka, tsatsa za ta huda rigar, sai dai ki rataye shi a kira shi tsohon ƙarfe."

"Amma yatsansa ne, Genzo. An ƙone gawar bisa al'adarmu, an rabar da kayan sawarsa. Wannan kaɗai ya rage da ya taɓa."

"Shi kaɗai?" Ya juya takobin, ya nuna mata farin zanen da ke bin kaifi kamar igiyar ruwa. "Wannan fa? Wa ya shafa yumɓun da ya fitar da zanen nan? Wa ya tsoma shi a ruwa? Yatsan nan kuskurensa ne. Da zai tashi ya ga kina ajiyarsa, da ni da ke duk sai mun sha zagi."

Ta yi dariya, dariyar ta juye. Ta yi maza ta kau da fuska gefe, don hawaye ma gishiri ne.

Zuciya ba ta da ƙashi, amma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Kinue ta daɗe zaune. Genzo ya zuba mata shayi, shayin ya huce.

"Sau nawa za ka goga kafin ya ɓace?"

"Tabon da ke sama, kafin ki ƙirga ɗari. Sauran aikin gyaran wurin ne."

"To a gabana za ka yi."

Ya cire ƙotar, ya hau kujerarsa, ya take katakon da ke danne dutsen da ƙafa. Ita ta ɗebo ruwa daga bokiti da tafin hannu ta zuba a kan dutsen. Ya ɗora ƙarfen ya fara turawa. Ruwan ya yi ja-ja, ya gangara. Ta ƙirga har talatin da ɗaya, daga nan ta daina ƙirga, sai dai duk sanda dutsen ya bushe ta ƙara ruwa.