Ƙwayar Inna Ummuhani

A wani ƙauye kusa da Gazara, cikin ƙasar Makarfi, babu gidan da Inna Ummuhani ba ta san ƙuryar ɗakinsa ba. Ita ce ungozomar garin. Rabin magidantan da ke zama a dandali ita ta yanke musu cibiya, kuma takan tuna musu da hakan duk ranar da suka nemi ɗaga mata murya. Ita ke faɗa wa maijego abin da za ta ci da abin da za ta bari, ba mai musa mata.

Ɗanta Iliyasu manomin rake ne. Yana da injin matsa a bakin fadama wanda doki ke juyawa, yana dafa mazarƙwaila yana kaiwa kasuwar Makarfi. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa. Sai dai ta ce "kai" ko "wannan yaron", duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba Inna ta fara ramewa. Ci tana ci, amma zane yana zame mata. Rahmatu, matar Iliyasu, ita ta lura randa ba ta wuni da ruwa, kuma Inna ba ta gama zama sai ta miƙe zuwa makewayi. Da ƙyar, tana sunkuyar da kai, ta gaya wa mijinta cewa kiyashi na taruwa a inda tsohuwar ta tsuguna.

"Asibiti?" in ji Inna da ya kawo mata maganar. "Ni da ake zuwa neman magani wurina?"

Ya yi lallashi, ya yi roƙo, ya turo mata ƙaninta, duk a banza. Sai da ya ce za su biya ta ga 'yarta Indo da ke aure a Zariya, sannan ta yarda ta hau mota.

A asibiti aka karɓi fitsarinta aka haɗa da wani ruwa shuɗi a 'yar kwalba, aka ɗora a wuta. Ruwan ya juye ya koma kalar ƙasa. Likitan ba ya jin Hausa, sai wani malamin asibiti mai suna Maiwada yake yi masa tafinta.

"Inna, likita ya ce ciwon suga ne," in ji Maiwada. "Ya ce naki bai yi nisa ba, don haka hanya biyu ce. Ko dai ki bar zaƙi gaba ɗaya, ki rage tuwo, ki yawaita ganye da wake, ki riƙa takawa. In kika riƙe wannan, mai yiwuwa ba sai kin sha komai ba. Ko kuwa a ba ki ƙwaya ki riƙa sha kullum, kina dawowa ana duba ki."

"Tambaye shi, kunun kanwa fa?"

"Da mazarƙwaila kike sha?"

"To da me ake sha, da toka?"

Maiwada ya juya ya yi Turanci, ya juyo. "Ya ce babu."

"Fura?"

"Kaɗan, ba zaƙi."

"Tuwo?"

"'Yar malmala ɗaya."

Inna ta gyara mayafinta. "Ba ni ƙwayar."

Maiwada ya yi ta bayani. Ya ce ko da ƙwayar sai an kiyaye baki. Ya ce kada a sha ba a ci abinci ba, don takan kawo jiri da karkarwa da zufa, in hakan ta faru a yi maza a ba mutum abu mai zaƙi. Ya ce ba a ba wani. Iliyasu ne kaɗai ke saurare. Inna har ta kai bakin ƙofa tana tambayar ina ake hawa motar unguwar su Indo.

Da suka dawo gida, ta ɗauki ƙwayar tamkar takardar izini. Da safe ta haɗiye ɗaya, ta bi ta da koko har da gutsuren mazarƙwaila. Da rana fura da zuma. In Iliyasu ya yi magana sai ta girgiza masa kwalbar ƙwayar.

"Ba zaɓi aka ba ni ba? Na zaɓa."

"Inna, cewa aka yi ko da ita sai an rage."

"Ni ban ji ba."

"Ai kin fita lokacin da ake faɗa!"

"To ka ga ban ji ba ke nan."

Duk da haka ƙishirwar ta ɗan lafa, jikinta ya ɗan yi ƙarfi. Nan ne matsalar ta soma. Mace ce da ba ta taɓa samun magani mai aiki ta ɓoye wa mutane ba. Iliyasu ya ga kwalbar na raguwa da sauri, ya tambaya, ta ce ba ta ƙirga. Ashe wannan ta zo da ciwon kai a ɓalla mata rabi, waccan ta zo da kasala a ba ta ɗaya. Allah Ya sa yawancinsu a ƙoshe suke sha, ba abin da ya same su.

Wata rana da hantsi yana bakin injin, ana zuba ruwan rake a kasko, sai ga Rahmatu ta aiko a ce ya zo maza gidan su Hajo. Hajo aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, ita ke riƙe mata kaya in za ta karɓi haihuwa. Ya tarar da ita kwance a tsakar gida, zufa ta jiƙa ta sharkaf, jiki na ɓari, magana ba ta fita daidai. Mata sun kewaye ta, masu cewa iska ce, masu cewa a kira liman. Inna na durƙushe a kanta, fuskarta duk ta sauya.

"Inna, kin ba ta ƙwayar nan?"

"Gwiwa ke damunta..."

"Nawa?"

"Biyu. Na ga ciwon ya daɗe."

"Ta karya kumallo?"

Iliyasu ya zaro gutsuren mazarƙwaila daga aljihu, ya ce a jiƙa a ludayi. Inna ta karɓa da kanta, ta tallabo kan Hajo tana ɗura mata kaɗan-kaɗan. Can sai karkarwar ta fara raguwa. Hajo ta buɗe ido ta tambayi me ya tara mutane a gidanta. Aka dama mata kunu, aka wuni ana ba ta, don da ta ɗan jima sai jirin ya nemi dawowa.

Tukur, ɗan Hajo, ya ja Iliyasu zaure ya faɗa masa maganganun da bai taɓa jin irinsu daga bakinsa ba. Iliyasu ya ba shi haƙuri. Da ya koma gida ya shiga ɗakin Inna ya ɗauki kwalbar ya sa a aljihu.

"Tunda ƙwaya ta zama ta gari, sai mu koma ɗaya hanyar."

"Dama ni ban so ta ba," in ji Inna, ba ta dube shi ba. "Maganin da zai kayar da mutum don ciwon gwiwa, wane irin magani ne?"

Ya juya ya fita.

Rahmatu ta ɗaura ɗamara. Kwaɗon zogale, dafaffen wake, miyar ganye, tuwo ɗan mitsitsi. Abin mamaki, Inna ta riƙa ci ba gardama, har tana sa albarka. Iliyasu ya fara murna. Amma aka ɗauki lokaci rama ba ta tsaya ba, randa ta koma ƙarewa kafin la'asar.

Lokacin kuwa haihuwa ta yi yawa a garin. Duk gidan da aka haihu akwai tukunyar kunun kanwa, an narka mazarƙwaila a ciki yadda maijego za ta sha da daɗi, kuma mazarƙwailar ma ta Iliyasu ce. Ya bi sawu ya gano Inna na karyawa a gidan wannan, ta yi hantsi a gidan waccan, ta dawo gida ta ci zogalenta kamar waliyyiya.

"Ba sha nake ba," ta ce. "Ɗanɗanawa nake. In kanwa ta yi yawa, wa za a zarga?"

"Ɗanɗano da ƙwarya, Inna?"

"Harshena ya tsufa, ba ya ji a ludayi ɗaya."

Sai ya yanke shawarar bin gidaje. Ya fara da Malam Ya'u, wanda matarsa ba ta daɗe da sauka ba. Bayan doguwar gaisuwa da barka, ya roƙe shi a daina ba Inna kunu.

Malam Ya'u ya dube shi kamar ya zage shi. "Iliyasu, matar da ta karɓi ɗana, ta shigo gidana, in ce a ɗauke ƙwarya daga gabanta? Da wane bakin?"

"Ciwo ne da ita."

"To ai mai ciwo ake ba kunu."

Haka ya yi ta ji gida bayan gida. Kafin a jima magana ta zaga gari cewa Iliyasu na horar da mahaifiyarsa da yunwa. Wasu suka ƙara da cewa rowa ce, ba ya so a taɓa masa kayan kasuwa. Matan gari suka fara aiko wa Inna fura da alkaki a ɓoye ta bayan danga, don tausayi. Ran Juma'a bayan an sauko, liman ya kira shi gefe ya yi masa nasiha mai tsawo a kan haƙƙin uwa.

Ya dawo gida ransa a ɓace, ya tsaya a tsakar gida yadda kowa zai ji.

"Na ba da ƙwaya, an raba wa gari. Na hana zaƙi, an ce ni azzalumi ne. To na cire hannuna. Rahmatu, duk abin da Inna ta ce tana so, ki ba ta."

Daga ɗaki Inna ta ce, "Allah Ya yi maka albarka. Yanzu ka yi hankali."

Da gaske ya cire hannun. Ya riƙa gaishe ta da safe ya wuce fadama, ba ya tambayar komai. Yana ganin yadda take laluben takalminta da ƙafa, da yadda take miƙa wa Rahmatu allura ta zura mata zare, ya kau da kai. Abin na cinsa, amma ya gaji.

Ana nan sai naƙuda ta kama Huseina, matar wani maƙwabcinsu Sada. Haihuwar fari ce, ta zo da rana tsaka. Inna ta tafi, Hajo na biye da ita da kaya, don tuni sun sasanta. Aka sha wahala, daga bisani yarinya ta faɗo lafiya tana tsala kuka. Inna ta ɗauki reza ta kama cibiya. Sai ta ga komai dishi-dishi. Ta murza ido, ta ce a ɗaga asabarin ƙofa. Aka ɗaga, haske ya cika ɗakin, amma ba ta iya rabe inda cibiya ta tsaya da inda cikin jaririyar ya fara. Hannunta ya tsaya a sama. Abin da ta yi tun tana da jajayen sawu, yau ta kasa.

"Hajo," ta ce a hankali, "karɓi. Auna da yatsunki, ki yanke."

Hajo ta yanke. Inna ta tsaya har aka yi wa jaririya wanka, aka gyara maijego. Da aka miƙo mata ƙwaryar kunu ta ce ta ƙoshi.

Ba ta nufi gida ba. Ta bi hanyar fadama, inda ba ta taɓa zuwa ba tunda aka kafa injin. Iliyasu na juya kasko ya hango ta tana tahowa tana dogara kara. Ya saki muciya ya tare ta.

"Lafiya, Inna?"

"Kai, yaushe motar Zariya ke tashi?"

Ya so ya ce ai ya cire hannunsa, maganar har ta zo masa baki. Ya dubi idanunta, ya haɗiye. A hanyar gida ta gaya masa abin da ya faru a ɗakin Huseina, a taƙaice, kamar labarin wata.

Da suka koma asibiti, wannan karon ruwan gwajin fitsarin ya koma ja wur. Likita ya yi magana mai tsawo, Maiwada ya taƙaita.

"Ya ce yanzu babu zaɓi. Ƙwaya kullum, kuma a bar zaƙi, duka biyun. In aka sake wasa, allura ce kowace safiya. Idon kuwa, ya ce in sugan ya sauka akwai fatan zai washe."

"Da can ɗaya aka ce in ɗauka," in ji Inna. "Yanzu an haɗa min biyu. Wannan wane irin ciniki ne?" Amma ba ta tashi ba sai da aka gama bayani, har ta sa aka maimaita mata wani wuri.

Kwalbar ƙwayar ta koma hannun Rahmatu. Kafin damina ta yi nisa idon ya washe, ba kamar na da ba, amma tana zura zarenta, tana yanke cibiyarta. In za ta gidan haihuwa takan tafi da ɗan kwanon kununta marar zaƙi, kuma ita da bakinta ta hana a miƙo mata komai. Abin da Iliyasu ya bi gida-gida yana roƙo aka ƙi, ita ta faɗa sau ɗaya aka bi. Ga duk mai tambaya takan ce ita ta gano ciwon da kanta, da ƙyar ta shawo kan wannan yaron ya kai ta asibiti.

Sai dai ta ce ba za ta zauna tana cin ganye ita kaɗai ana lasar baki a gabanta ba. Ta kafa doka, zaƙi ba zai ƙara shiga gidan ba. Tuwon kowa ya ragu, zogale ya zama na safe da yamma. Iliyasu, wanda ke ɗora wa jakuna mazarƙwaila zuwa Makarfi da Kudan, ya koma shan koko salam a gidansa.

Wata safiya ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya ajiye ludayin.

"Inna, ni fa lafiyata ƙalau."

"Haka ni ma na ce," in ji ta. "Shanye, kada ya huce."