Tagar da Ba Ta Ga Teku Ba

Zakari ɗan Ramatu, mai aikin jinya a ƙasar Ailan, shi ya jawo rigimar da hoto guda. Tsofaffin gidaje ne na wani gari a bakin teku, tun zamanin sarauniyarsu Biktoriya, jere bisa gangare, kowanne da launinsa, kowanne da taga mai turo ciki waje kamar mai juna biyu. Ya ce irin wannan benen za a ɗora bisa gidan uwarsa a Maraɗi. Gado magini ya ɗora.

A can, in ji Zakari, ta tagar nan mata ke hangen jiragen ruwa. To a Maraɗi ina teku? Tsakar gidan maƙwabcinsu Inusa tagar ta samu.

Ramatu da Tahira matar Inusa tun suna amare suke miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Yanzu ko gaisuwa babu. Inusa ya zo ƙofar gida, ya ƙi zama bisa tabarma, ya ce ko a toshe ko ya kai ƙara meri, wato ofishin magajin gari, kuma kada wani nasu ya ƙara taka zaurensa. Ramatu ta kira ɗanta. Ya ce tagar ai ita ce ginin, in aka toshe ta an bar shi da akwatin siminti, sai ya kashe waya.

Ramatu ba ta taɓa hawa benen ba saboda ciwon gwiwa. Ran nan da hantsi ta hau tana dafa bango, Gado na biye da ita. Ta leƙa.

Ga Tahira zaune bakin rijiya, ba ɗankwali, tana shafa baƙin rini a furfurar da duk unguwa ke rantsuwa ba ta da ita. Tahira ta ɗaga kai. Ba ta tashi ba, ba ta rufe kan ba.

"Kin gani, Yaya? Sai ki sauka ki ba da labari."

Ramatu ta ja baya daga tagar. Ta juya ga magini.

"Gado, kwaɓa siminti."

"Hajiya, Zakari hwa..."

"Zakari yana da tekunsa. Ni Tahira gare ni."

Daga titi har yau taga ce, shuɗiya, da cikinta a waje, amma bulo ne a ciki. Zakari bai sake kira ba tukuna. An daɗe kafin kwanon Tahira ya bayyana bisa katanga, babu sallama, rabinsa gishiri.