Daminar Buta

A Unguwar Tsamiya, can bayan Saulawa a ƙasar Ikara, babu manomin da ke saɓa sungumi ya nufi gona sai ya tambaya ko furen Zinariya ya fito. Ba wani furen a-zo-a-gani ba ne. Albasar kwaɗi ce, irin wadda ke fitowa a kurmi, wadda ko akuya ba ta kusantarta saboda dafi. Zinariya ta zo da ita daga ɗakin uwarta a ƙasar Maƙarfi shekara talatin da suka wuce, ƙunshe a tsumma, ta binne a gindin tsamiyar bayan ɗakinta, daf da danga. Daga ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama gindi bakwai.

Rainonta ba wuya, sai dai yana son taurin kai, shi kuwa Zinariya ta gaje shi. Ba a barin rana ta doke ta, don haka ko reshe ɗaya ba a sara a tsamiyar nan. Ba a share ganyen da ya zubo a kanta. Babbar dokar kuwa ita ce ba a ba ta ruwa, ko ɗigo, ko da mutum ya ga ƙasa ta tsage. Duk rani ba ka ganin komai a wurin sai busasshen ganye, har ka rantse ta mutu. Amma da zarar ruwan sama ya ratsa ƙasa sosai, sai ta turo kara tsirara, ko ganye babu, a kansa wani jan dunƙule kamar hular ɗan doka. Yayyafi ba ya ruɗin ta. Mutanen unguwa suka laƙaba mata Jar-hula, kuma tunda suke bin ta ba su taɓa asarar iri ba.

Shekara ta biyu da samun mulkin kai ta zo wa unguwar a murtuke. Wuta-wuta ta cinye dawar bara, rumbuna suka yi ƙasa tun bazara ba ta kankama ba. A gidan Zinariya, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, akwai ɗanta Sama'ila da matarsa Lantana da 'ya'ya uku, kuma irin da ya rage musu a duniya mudu shida ne na dawa farfara. Ita da kanta ta zuba shi a tukunya, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. In aka shuka shi ya tsiro ya ƙone, to, babu na biyu, kuma babu maƙwabcin da ke da abin sammawa.

Ran wata Alhamis da la'asar hadari ya taso daga gabas da ruguntsumi kamar zai tashi duniya, ya zubar da abin da bai wuce ya kwantar da ƙura ba, ya wuce abinsa. Kwana uku bayan haka Lantana ta zaga bayan ɗaki neman kaza, sai aka ji ta rangaɗa guɗa. Jar-hula ta fito. Kafin hantsi labari ya gama unguwa, ko'ina sai ƙarar ana wasa sungumi a kan dutse.

Kowa murna yake yi ban da mai furen. Zinariya ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, tana yi masa kallon da uwa ke yi wa ɗan da ya shigo da bakinsa duk mai ya ce bai taɓa komai ba. Kwana uku? Wannan abu da kan kwashe mako yana shawara bayan ruwa mai ƙarfi? Kuma me ya sa gindi uku na jikin danga ne kawai suka tashi, huɗun can suna ta barcinsu? Ta durƙusa ta cusa yatsa a gindin karan, yatsa ya nutse cikin taɓo. Ta matsa taki biyu ta sake cusawa, gaɓa ɗaya ta shiga, sai busasshiyar ƙasa.

Ta buɗa zana da yatsu biyu ta leƙa waje. Ga wani faffaɗan dutse a jikin danga, ya yi kore shar da gansakuka, ga butoci huɗu a jere. Nan ta gane komai. Wata biyu ke nan da masu aikin hanyar mota suka sare durumin ƙofar gidan Baba Ɗanliti, wan marigayi mijinta, tsohon ya kwaso buzunsa ya dawo inuwar tsamiya ta wajen danga, dattawan unguwa suka biyo shi. Baba Ɗanliti kuwa, Allah ya ba shi lada, mutum ne mai waswasi, buta ɗaya ba ta isar shi alwala. Azahar da la'asar da magariba, tsofaffi huɗu, wata biyu cur, ruwan duk yana silalowa ta ƙarƙashin zana. Yayyafin Alhamis ƙarasawa kawai ya yi.

Tana miƙewa ta ga Sama'ila a bayanta da ƙwarya a hannu.

"Inna, a fasa tukunyar. Su Tanko maƙwabcinmu har sun fita."

Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan, ajiye ƙwaryar nan. Ba damina ba ce."

"Ga Jar-hula a gabanki, Inna."

"Ƙarya take yi."

Sama'ila ya yi sororo. Tun yana goye yake jin ana cewa furen nan ba ya ƙarya, kuma daga bakinta ya fara ji. Ta nuna masa taɓon, ta nuna masa dutsen, ya kalla, ya sosa ƙeya, ya ce shi dai abin da ya sani in aka makara da shuka tsutsa da ciyawa ne za su ci gonar, kuma ba zai zauna yana kallon kowa na shuka shi yana gida kamar mai jego ba. Har ya yi taki biyu zuwa ɗakinta, ta riga shi ta tsaya a ƙofa.

"In ka ga ka taɓa tukunyar nan, sai ka fara ɗaga ni."

Ya koma zaure yana huci. Ita kuwa ta san tare ƙofa ba zai kai ta ko'ina ba. Yau ta hana shi, gobe fa? Ga sauran gidaje da suka dogara da furenta, kowa da ɗan abin da ya rage masa. Sai an ji daga bakin Baba Ɗanliti za a yarda, kuma nan gizo ke saƙar. Shekara talatin ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi tsohon nan ba, ba ta taɓa faɗa masa abin da ya wuce gaisuwa ba. Yau kuma ita ce za ta je ta ce masa alwalarsa ta jawo ɓarna. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ja mayafi duk da haka, ta zaga.

Ta same su sun idar da azahar. Ta tuɓe takalma daga nesa, ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, barka da rana."

"Barka kadai, uwar Sama'ila. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Yaya ƙarfin jiki? Yaya idon?"

"Da godiya. Ina yaran? Mun ji abin arziki, an ce mutuniyar taki ta fito."

A hankali, tana zagaye-zagaye, ta ce ai ta fito kam, sai dai tana jin ba ruwan sama ne ya tashe ta ba, kamar wani ruwa ne ke bi ta ƙarƙashin danga daga wajen dutsen nan. Dattawan suka dubi dutse, suka dubi butocinsu. Malam Jumare, wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi ba, ya ce, "A'uzu billahi! Ruwan alwala ne zai sa fure ƙarya? Ai in ma shi ne, albarka ce ta ƙaru." Sauran suka ce ƙwarai kuwa. Fuskar Baba Ɗanliti ta canza. Ya ce, "Tashi ki je, yarinya. Mun ji."

Yarinya, ga mace mai jika uku. Korar ke nan, kuma da wata ce da ta tafi ta ce ai ta fita hakki. Zinariya ta tashi ta koma cikin gida, amma ba ɗaki ta nufa ba. Ta ɗauki wuƙa ta tsinke igiyoyin zanar da ke tsakaninta da dattawan, ta kwantar da ita ƙasa. Sai ga su ga furen, ga ta tsaye da fartanya.

Ta san abin da za ta yi, ta kuma san abin da zai ci. Albasar da ke cikin fure ba a taɓa saiwarta, balle a jiƙe take sharkaf. Amma layin da ruwan ya bi ta tsakiyarsu ya ratsa, kuma idon Baba ba ya gani sosai, sai abin da hannunsa ya taɓa. Ta ce bismillah, ta kafa fartanya a gindin dutsen, ta fara jan rami miƙe zuwa cikin gida. Da ta iso gindi na farko hannunta ya tsaya. Uwar ce, wadda ta zo da ita a tsumma. Ta runtse ido ta sara. Jan dunƙulen ya kife a taɓo. Ta ci gaba, zufa na zuba, har ta ratsa wurin gaba ɗaya ta fita ɗaya gefen. Sama'ila da Lantana suna tsaye suna kallo.

Ta sake durƙusawa. "Baba, don girman Allah, a taɓa."

Tsohon ya dafa sanda ya sauko a kan gwiwoyinsa, ya zura hannu a ramin daga wajen dutse. Taɓo har wuyan hannu. Ya ja jiki gaba, danshi. Ya ƙara gaba, ya damƙo ƙasa ya ɗaga, ta zubo ta tsakanin yatsunsa kamar gari. Manomi ne tun kafin a haifi rabin unguwar, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya juya wajen abokansa.

"Jumare, ashe mu ne muka yi damina da buta."

Babu wanda ya yi dariya. Da la'asar shi da kansa ya miƙe a masallaci ya ce kowa ya mai da irinsa ɗaki. Yawanci suka ji. Tanko da mutum biyu sun riga sun binne nasu, sai addu'a.

Daga nan sama ta ɗaure fuska. Kwana goma sha tara ko gajimare babu. Dawar Tanko ta leƙo, ta yi kwana huɗu, ta ƙone ƙurmus, aka gan shi zaune a bakin gona ya haɗa kai da gwiwa. Zinariya ba ta ji daɗin gaskiyarta ba ko kaɗan, don tana can tana fama da nata. Ta tsince albasan da fartanya ta sara, ta shafa musu toka, ta shanya a inuwa, ta mai da su busasshiyar ƙasa. Ukun da suka sha ruwa suka ruɓe cikin mako guda, har da uwar. Huɗun da ta datse wa saiwa ta riƙa dubawa kullum, suna motsewa ɗaya bayan ɗaya. Ran da ta matsa ta ƙarshe ta ji ta lotse, ta zauna a gindin tsamiya ta yi kuka mai isarta. Duk abin da ta fito da shi daga ɗakin uwarta ya ƙare, tasoshi sun fashe, zannuwa sun yage, wannan kaɗai ya rage, kuma da hannunta ta kashe shi.

A rana ta ashirin aka tashi da ruwa tun asuba, bai ɗauke ba sai azahar. Washegari kuma aka sake. Da gari ya waye a rana ta uku, Lantana ta shigo ta ce mutane na ƙofar gida. Zinariya ta fito zaure ta tarar da maza sun fi goma, kowa da sungumi, sun yi cirko-cirko kamar waɗanda suka zo gaisuwar mutuwa. Sun saba zuwa tambayar fure, ƙafa ta kawo su, sai da suka iso suka tuna. Baba Ɗanliti na gaba, dafe da sanda.

Ta wuce su zuwa gonar bayan gari, suka bi ta a baya. Ta zaɓi tudu, inda ya fi ko'ina saurin bushewa, ta durƙusa ta tona da hannu, ta zura har gwiwar hannu. Ta ciro ƙasa daga can ƙasa ta dunƙule, ta buɗe tafinta, dunƙulen ya zauna bai watse ba. Ta matsa wani wuri ta sake, ta kuma sakewa, mutane na jira, ita ko a jikinta.

Tsohon ya ce, "Zinariya, a shuka?"

Bai taɓa kiran sunanta ba sai ran nan. Ta ɗago ta dube shi.

"A shuka, Baba."

Ta koma gida ta jawo tukunyar, ta fasa lakar da gindin wuƙa. Mudu huɗu ta auna wa Sama'ila, ta ce za su isa in an ƙididdige hannu. Biyun ta ba Lantana ta ce ta kai gidan Tanko, kada ta tsaya jin godiya. Sannan ta ɗaura ɗamara ta bi bayan ɗanta, yana sara tana jefa ƙwaya huɗu-huɗu tana rufewa da diddige, kuma har suka kai ƙarshen gonar ba ta yarda ƙwaya ɗaya ta faɗi a banza ba.