Takwas Ce, Ba Ɗaya Ba

Ni Abdoulaziz, da na baro Zinder da takardar shaidar gyaran kwamfuta, gani nake duk N'Djamena babu wanda ya kama ƙafata. Wadda ta sama mini aikin gwaji a wata makarantar kuɗi a unguwar Moursal kuwa Hajjo ce, gwaggon matata Rahmatu, sakatariyar wurin shekara goma sha ɗaya. Surukata ce, don haka ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni. Gaisuwa kawai, ni a durƙushe, ita tana kallon bango.

Ranar Litinin darakta ya ce in haɗa kwamfutar Hajjo da injin buga takardu. Na zauna na ba ta lambar adireshi tsayayya da hannuna. Da na zo gurbin da Faransanci ke kira fasarel, wato lambar ƙofar da kwamfuta ke bi ta fita intanet, ban duba komai ba. Na buga 192.168.1.1 daga ka, yadda na saba a Zinder. Hajjo na bayana tana jera fayil. Na ji ta yi gyaran murya sau biyu, na ɗauka tari ne.

Injin ya buga takarda tsaf, na tafi gida ina hura hanci.

Washegari ne ranar ƙarshe ta tura sunayen ɗaliban jarrabawa, sai kwamfutar ta ƙi fita intanet. Darakta ya fito yana gumi.

"Madam Hajjo, me kika taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Musye."

Ya juyo gare ni. Maimakon in ce bari in duba, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai manya sukan danna abu ba su sani ba. Har da 'yar dariya na yi, Allah ya yafe mini.

Awa biyu ina cire waya ina mayarwa. Daga ƙarshe na ari kwamfutar darakta, wadda ke aiki lafiya, na buɗe baƙin allon umarni na rubuta ipconfig. Ga fasarel nan ƙuru-ƙuru: 192.168.8.1. Akwatin intanet ɗin makarantar mai layin waya ne, ƙofarsa takwas ce. Ni ne na nuna wa kwamfutar Hajjo ƙofar da babu ita.

Na waiga, babu mai kallo. Na koma kwamfutar Hajjo na goge ɗaya na sa takwas, shafi ya buɗe, sunaye suka tafi saura minti ashirin a rufe.

"Kalas, shi ke nan! Barakallahu fik," in ji darakta yana dukan kafaɗata. Nan take ya ce gwaji ya ƙare, na samu aiki. Ya ƙara da cewa daga yau Hajjo ta koma bakin ƙofa ta riƙa rubuta sunayen baƙi, kwamfuta ta fi ƙarfinta. Ta ɗauki jakarta da butarta ta fita. Ni kuwa ina tsaye ina kallon fitarta.

Ran Juma'a bayan masallaci, Rahmatu ta ajiye mini abinci a gidanmu na unguwar Gardolé, ta zauna nesa kaɗan.

"Na je wurin Gwaggo. Ta ce in gaya wa maigidan, lambar nan takwas ce. Wanda ya kawo akwatin ya koya mata tun bara."

Na ajiye lomar da ke hannuna.

"To me ya hana ta faɗa ranar?"

"Haba, Malam. Ta gyara wa mijin 'yarta magana a gaban mutane? Ta ce ta yi maka gyaran murya har sau biyu."

"Da darakta ya yi mata faɗa fa?"

"Ta ce in ta wanke kanta, kai za a kora. Ni kuma ga ciki."

Kunya ta rufe ni har na kasa kallon matata. Na rantse ran Litinin zan shiga ofishin darakta in faɗi gaskiya. Litinin ta zo, na kai bakin ofishin, na tambaye shi ko tawadar injin ta ƙare.

Yau wata huɗu ke nan. Kullum da safe sai na wuce ta gaban teburin Hajjo a bakin ƙofa, inda rana ke dukanta tun ƙarfe tara. Ina durƙusawa in gaishe ta, ita kuma tana amsawa da fara'a, har ta tambayi jikin Rahmatu.