Gilashin Rediyo

Tun daga firamare har na gama sakandare a bencin gaba nake zama. A makarantarmu wanda ya zo na ɗaya shi ake ajiyewa dab da allo, ni kuwa ban taɓa sakar wa kowa wurin ba. Don haka da kumburarren kai na shiga jami'a.

Ba a je ko'ina ba kan ya sace. Zauren da muke ɗaukar darasin lissafi ya kusa kai filin ƙwallon makarantarmu. Kafin in gama layin wanka in iso, an cika gaba, har da masu kama wa abokansu wuri da jaka. Ni sai can ƙarshe, ƙarƙashin wata fanka da ba ta juyawa. Malam ya ba mu baya ya yi ta rubutu, abin da nake hange dishi-dishi ne kawai, kuma na ɗauka haka kowa yake gani daga nan. In na ga na kusa da ni suna ta rubutu sai in ce a raina, wato su daga bakin malam kaɗai suke ɗauka. Su ne masu ƙwaƙwalwa, ni ashe yaudarata aka yi ta yi.

Gwajin farko na faɗi. Na biyu ya fi muni. Mai ba mu shawara ta kira ni ofis ta ce in har na faɗi wannan darasi, sai dai in bar sashen. Baba kuma duk ƙarshen mako sai ya kira daga shagonsa na gyaran agogo.

"Auta, har yanzu ke ce a gaba?"

"Ana ta fama, Baba."

In na ajiye wayar sai in ji kamar in tattara kayana in gudu gida. Tsoro nake ji, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Abokiyar ɗakina Rediyo muke ce mata, don bakinta ba ya mutuwa. 'Yar shekarar farko ce ita ma, mai wani gilashi mai kauri kamar gindin kofi. Wata rana na dawo na tarar ta cika ta yi fam.

"Ke wai me na yi miki?" in ji ta. "Jiya a bakin laburare na ɗaga miki hannu har kafaɗata ta yi tsami, kika dube ni kika wuce. Yau ma haka. Shan ƙamshin na mene ne?"

"Wallahi ban gan ki ba."

"Ni? Da wannan jan mayafin? Ko mai jirgin sama ya gan ni."

Dama a wuya nake, sai na hau ta da faɗa. "To wa yake gane mutum daga tsallaken titi? Ba ki da baki ne? Ai da murya ake gane mutum!"

Rediyo ta ƙura min ido. Ta ja hannuna zuwa taga.

"Karanta min abin da aka rubuta a jikin tankin ruwan can."

"Wane rubutu?"

Ta cire gilashinta ta maƙala min. Bai yi min daidai ba, har kaina ya ɗan juya, amma ga rubutu ɓaro-ɓaro a jikin tanki. Bishiyar da ke bayansa, wadda na sani a matsayin koren dunƙule, ashe ganye ne ɗaya-ɗaya, kowanne yana motsinsa. Na ga wata yarinya can nesa tana shanya, har na ga launin zanenta. Na zauna a bakin gado na fashe da kuka, rabi murna, rabi haushin watannin da na yi ina zagin kaina.

"Ki gama ki ba ni idona," in ji Rediyo. "Gobe asibitin makaranta za mu."

Aka gwada ni, aka yanka min nawa. Na koma kujerata ta ƙarƙashin fanka, na ga ashe malamin nan duk abin da ya faɗa yana rubuta shi, har da misalai. Abin da ya wuce ni da yawa, sai da Rediyo da wasu 'yan ajinmu suka yi ta jan ni. A jarrabawa ban zo na ɗaya ba, ban ma ji ƙamshinsa ba. Amma na haye.

Sai a lokacin na fara tunanin gidanmu. Baba aikinsa a tafin hannu yake. Mama saƙa take yi. Talabijin kuwa kusan a cinya muke kallonsa, mu duka. A unguwa an sha cewa 'yan gidan mai agogo ba sa amsa gaisuwa, Baba kuma kullum ƙorafinsa mutanen yanzu ba su da tarbiyya, sai su wuce ka ba ko uffan.

Ranar da ya zo ɗaukata hutu, tun daga nesa na hango shi a bakin ƙofar makaranta. Ya ƙanƙance ido yana bin duk yarinyar da ta wuce da kallo. Na ɗaga masa hannu. Ya dube ni sarai, ya kau da kai.

Sai da na matso na ce, "Baba," sannan fuskarsa ta washe.

"Auta! Me kika rataya a fuska haka?"

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa gilashin. "Baba, don Allah ka saka, ka tsaya a nan."

"Ni idona garau yake. Ƙusar agogo nake gani, ke ko ganinta ba kya yi."

"Na sani. Ka dai saka."

Ya saka yana mita. Na juya na tsallaka titi, na yi ta tafiya har gindin wata fitila. Da na waiwayo ba na ganin komai sai farin dunƙulen rigarsa. Na ɗaga hannu sama, na jira.

Dunƙulen bai motsa ba. Can sai wani abu ya ɗago daga gefensa, a hankali, ya yi ta kaɗawa, bai sauke ba.