Ƙafar Gado a Ɗakin Gwaji

Kafinta bai runtsa ba tun da takardar asibiti ta zo. Ciwon daji ya ɗauke masa mata bara, kuma shi ne ya ɗauke yayarta. Masu bincike sun karɓi yawun autarsa, sun yi mata tambayoyi kamar 'yan sanda: me take ci, wane hayaƙi take shaƙa, ina take aiki. Yanzu ga shi sun rubuto cewa ciwon yana iya zama na gado, ya zo tare da marigayiya.

Na gado! Shi da hannunsa ya ƙera gadon nan, ya shafe shi da fenti har hannu uku. Bai gaya wa kowa ba, ya kwance ƙafa ɗaya ya naɗe a jarida.

A ɗakin gwaji, inda Auta ta raka shi, ya ajiye katakon gaban likita.

"Ku auna. In ni na kashe ta, ku faɗa mini."

Auta ta rufe fuska. "Kai, Baba!"

Likita ta dubi takardar, ta dubi katakon, sannan ta gane. Ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata.

"Baba, ba gadon kwanciya ba ne," ta ce, sannan ta sake faɗin kalmar tana jan farkonta. "Gaado. Abin da ɗa ke samu daga iyaye. Zo ka gani."

Ta ɗaga wata 'yar kwalba saitin taga. Wani farin zare na lilo a ciki, ko silin gashi ya fi shi kauri. Ta ce daga yawun Auta aka ciro shi, kuma a jikinsa aka rubuta tsayinta da wushiryarta. Kafinta ya saki baki. Shekara talatin yana awo da tef, bai taɓa jin ma'auni irin wannan ba.

"Ikon Allah! To ciwon yana ciki?"

Likita ta ja kujera. Ta ce kowane mutum biyu-biyu yake ɗauke da irin wannan rubutu, ɗaya yake miƙa wa ɗansa, kuma ba shi ke zaɓa ba. Marigayiya tana da ɗaya mai lahani, ɗaya lafiyayye.

"Wanne ta ba Auta?" ya tambaya.

"Lafiyayyen. Amma fa ta ci gaba da zuwa awo kamar kowa, ta kula da cimarta, ta guji taba."

Auta ta fashe da kuka. Kafinta ya daɗe yana kallon zaren, hawaye na bin gemunsa.

"Kin ce ba zaɓa ake yi ba, Likita," ya ce a hankali. "Ba ki san ta ba ne. Ko tsokar nama ta raba, mai kyan take tura wa yarinyar nan."